Ƙanzon da Ya Sa Aka Kori Kakak

Ni ne mai laifi, ba sai an tambaye ni ba. Na yi sanadin korar wata baiwar Allah daga aiki a kan ƙanzo.

Lokacin ina girki a shagon wata Hajiya a unguwar Chow Kit, can ƙasar waje, inda 'yan Najeriya ke zuwa cin abinci. Mai wanke mana tukwane 'yar Filifin ce, Kirista, ta girme ni. Kakak muke ce mata, wato yaya. Kafin ta jiƙa tukunya sai ta kankare ƙanzon tas, ta ƙulle a leda. Wata rana ta yi mini faɗa a gaban mutane kan shinkafar da nake zubarwa a kwata, abin ya tsaya mini a rai. Sai na ce wa Hajiya tana fita da abinci. Ban ce ƙanzo ne ba. Ranar aka sallame ta.

Cikin azumi na hango ta a kasuwa tana tsintar ganyen da masu kayan miya suka yar. Na bi ta har wani ɗaki a bayan rumfuna. Mata huɗu ne a ciki, 'yan ƙasarsu, masu aikatau da suka gudo daga gidajen da ake hana su abinci. Ashe su take dama wa ƙanzon kamar kunu.

Ta ce, "Malam mai girki, ka zo duba ko har da tukunyar na sato?"

Matan suka kwashe da dariya. Ta miƙo mini kwano, na ce ina azumi.

"Taka yunwar tana da magariba," in ji ta. "Tasu fa?"

Ta ce a taron matan cocinsu suna cewa jikin mace da ƙasar noma abu ɗaya ake yi musu, a ci amfaninsu a bar su a bushe, kuma Allah yana jin kukan cikin da ba komai. Ban yi karatu mai zurfi ba, addininmu ma ba ɗaya ba, amma na san gaskiya ta faɗa.

Sai da na yi kwana tara kafin na iya faɗa wa Hajiya gaskiya. Ta wanke ni tas, sannan ta aike ni in kira Kakak.

Na tsaya a bakin ƙofar ɗakin, na ce, "Kakak, sharri na yi miki saboda haushi. Hajiya ta ce ki dawo. Ko ba za ki dawo ba, don Allah ki yafe mini."