Dubiyar Dokin Alhaji Buba

Har gobe ban manta da yammacin da na karya kwanar gidan Alhaji Buba a Kumbiya-Kumbiya na tarar da dawaki a ɗaure reras a ƙofar bargarsa ba. Na taka birkin babur, na tsaya ina kallo.

Bari in koma baya kaɗan saboda ku sababbin shiga aikin nan. Lokacin ina malamin dabbobi a ofishinmu na cikin gari, ƙarƙashin Dakta Chinedu, ɗan ƙabilar Ibo haifaffen Gombe, wanda in yana Hausa har karin magana yake jefawa. Aikin sa ido kuwa haka yake tafiya: in cuta ta ɓulla a dawakin wata ƙasa maƙwabciya, likitocin can su sanar, labari ya iso hedikwata, ya gangaro jihohi, har ya sauka kanmu, mu masu shiga barga muna taka kashin doki. In mun ga abin da bai kwanta mana ba, mu lakato majinar dokin da tsinke mai auduga, mu sa a akwatin ƙanƙara, a tura ɗakin gwaji. Sakamakon ya sake hawa ta hanyar da labarin ya sauko, don na wata ƙasar su ma su san inda aka kwana.

A shekarar an gargaɗe mu cewa murar dawaki na yawo a ƙetare. Tari ne ke yaɗa ta, da wurin shan ruwa, da hannu da rigar wanda ya taɓa doki mai ita. Ba ta da maganin kashewa, sai jinya da hutu. Ƙaƙƙarfan doki yakan tashi, amma goɗiya mai ciki in zazzaɓin ya yi mata zafi tana iya ɓari.

Alhaji Buba ɗan kasuwar hatsi ne a babbar kasuwa, mai son doki kamar ransa. Ya sayo wani baƙin ingarma daga ƙetaren iyaka, bai daɗe ba dokin ya fara busasshen tari, ya ƙi harawa. Alhajin da kansa ya kira mu, Allah ya saka masa. Muka ɗauki majina, Dakta ya ce, “Alhaji, a ware shi. Kada a haɗa shi da wani doki.” Ya ce, “An gama, Likita.” Kuma ya cika alkawari yadda ya fahimta, domin a ranar ya mayar da ɗaya dokinsa, tsohon, can bayan gidan.

Sai dai masu doki a garin nan suna da wata al'ada. In dokin mutum ya kwanta, ana zuwa dubiya kamar yadda ake duba ɗan Adam. Kuma mai doki ba ya zuwa duba doki a kan acaɓa, raini ne. Sirdi yake ɗaurawa ya hau nasa. Su ne na tarar washegari, suna zaune a kan tabarma ana shan fura, dawakinsu kuma an shayar da su a kwamin mara lafiyar, saboda karamci.

Wadda ta fi tayar mini da hankali ita ce jar goɗiyar Bappa Sale, wani dattijo manomi daga Kagarawal. Ita kaɗai gare shi, tun tana duƙusa ya raine ta, ga ta da tsohon ciki. Ko hawanta bai yi ba don tausayi, janyo ta ya yi a hannu tun daga can, wai kada a ce ya zo dubiya ba doki.

Na ja Alhaji gefe na ce, “Alhaji, me muka yi da kai jiya?”

Ya ce, “Malam Idi, nawa na ware. Waɗannan baƙi ne. Mutum ya ɗaura sirdi ya zo mini dubiya, in tsaya a ƙofa in ce ya juya? Da wane ido zan dube shi a masallaci?”

Na kira Dakta a waya, ya iso yana haɗa gumi. Bai ɗaga murya ba. Ya tuɓe takalmi, ya zauna gefen tabarma, aka gaisa tsaf, sannan ya yi musu bayani. Wani ya ce, “Likita, ai zumunta a ƙafa take.” Dakta ya ce, “Haka ne, Baba. Amma yau duk dokin da ya koma gida, ya kai wa unguwarsa tsaraba. Kagarawal akwai jakunan masu ɗiban yashi, su ma tana kama su.”

Bappa Sale ya dubi goɗiyarsa, ya dube ni, ya ce a hankali, “Ɗana, ta sha ruwan. Ɗan cikin zai zauna?” Na ce, “Bappa, sai abin da Allah ya yi, amma za mu tsaya mata.” Wallahi ya ba ni tausayi ƙwarai.

Matsalar ita ce ba mu da wurin killace dawaki masu yawa haka, kuma takardar umarni ba za ta fito a yammacin ba. Muna cikin shawara da Dakta sai Alhaji Buba ya miƙe ya gyara babbar riga.

Ya ce, “Likita, kana nufin in suka kwana nan an huta?”

“In suka zauna nan har a ga lafiyarsu, kowa da turkensa da bokitinsa, nesa da juna.”

“To ai magana ta ƙare. Baƙona ba ya tafiya da cuta daga gidana. Ga filin da nake shanya hatsi, babu kowa a ciki. Harawa da dusa a wuyana.”

Abin da ya gagara a faɗa da sunan doka, da sunan baƙunci ba wanda ya yi musu. Aka sauke sirada, muka wanke hannuwa da linzamai, manyan mutane suka koma gida a keke napep suna tsokanar juna.

Sakamako ya dawo, murar ce. Wasu daga cikin dawakin suka kamu, har da goɗiyar. Makonnin nan kullum da safe ina can ina auna zafin jikinta. Bappa Sale kuwa ya tare a zauren Alhaji, yana jiƙa mata dusa, yana shafa mata ruwa a wuya, yana yi mata magana da Fulatanci kamar mai lallashin jika. Akwai ranar da zazzaɓin ya hau har ta ƙi ɗaga kai, na ga dattijon ya juya baya yana share ido da hannun riga. Washegari ta ja harawa da kanta.

Rahoton da ya hau sama gajere ne: an samu cutar a gida ɗaya a Gombe, ba ta fita ba. Wanda zai karanta shi a wata ƙasa bai san Alhaji Buba ba, bai san buhunan dusar da suka tafi ba. Ni dai abin da na ɗauka shi ne, in al'ada ta tare maka hanya kada ka yi saurin yaƙarta, ka zauna a tabarmar masu ita tukuna. Sau da yawa maganin yana wurinsu.

Goɗiyar a filin hatsin nan ta haihu, ɗan duƙushi ja mai farin goshi. Masu doki suka zo barka, kowa a ƙasa, ba ko sirdi ɗaya. Bappa Sale ya zauna a bakin ƙofa da buta da sabulu, ba mai wucewa sai ya wanke hannu. Dakta ya iso da fara'arsa zai shige, dattijon ya tare shi da sanda.

Ya ce, “Likita, wanke tukuna. Ban san bargar da ka fito ba.”