Ɗangoggo Mai Kankana da Hoton Kan Kauthar

A kasuwar Zuba kowa ya san Ɗangoggo mai kankana, Bakatsinen da ya zo Abuja cin rani, ga shi har furfura ta riske shi a rumfa. Tinƙahonsa ɗaya ne a duniya: ya ƙwanƙwasa kankana da yatsa ya faɗi abin da ke cikinta. In aka yanka aka ga fari fat, sai ya ce wuƙar ce ba ta da albarka.

'Yarsa Kauthar ta wuce lokacin tafiya, amma in ta miƙe sai ta yi tangaɗi ta zube. Matarsa Fadima ta ce a je asibiti.

"Ƙiba ce kawai," in ji shi. "Ni da nake ganin cikin abu tun ba a fasa ba?"

Fadima ta goya yarinya ta nufi tasha, dole ya biyo ta yana mita.

A wani asibiti a cikin gari aka ba Kauthar maganin barci, aka tura ta cikin na'urar ɗaukar hoton kai mai ƙara kamar injin niƙa. Ɗangoggo na waje, sai salati yake ƙasa-ƙasa.

Likitar, Dakta Justina, ta ɗaga hoton a haske. "Oga, ka ga nan wajen ƙeya? Sashen ƙwaƙwalwar da ke daidaita tafiya ne bai gama ginuwa ba tun tana ciki. Ba laifin kowa ba ne. Muna sa ran za ta taka, amma sai da atisaye da haƙuri."

Ya karɓi hoton, ya daɗe yana gyaɗa kai. "Dama na zargi haka."

"Malam, a juye ka riƙe shi," in ji Fadima.

A motar komawa ya juya fuska wajen taga yana share ido da hula, wai hayaƙi ne.

Tun daga nan duk Talata yake rufe rumfa ya kai ta atisayen da kansa. A kasuwa kuwa ya zama likita. Ko mura direba ya ambata, sai ya ce, "Je ka a ɗauki hoton ƙeyarka."

Ranar da Kauthar ta taka daga tabarma har bakin ƙofa, tana rangaji, shi yana Karu yana duba jikan wani abokinsa da ba abin da ke damunsa. Fadima ta kira shi a waya. Ya iso yana haki, ya tsuguna, ya buɗe hannu.

"Zo, uwata. Zo wajen Baba."

Kauthar ta dube shi, ta zauna daɓas, ta ci gaba da cin ayabarta.