Kwana Tara da Na Yi a Zaure

Wani yaron hukuma yana tsaye da gwangwanin jan fenti yana zabga wa katangata alama na iso da kunun magina. Na ce, "Kai ɗan nan, gidan ubanka ne?" Ya ce, "Hajja, aiko ni aka yi. Ina takardar izinin gini?" Na ce Bulama, mai unguwarmu, ya sani. Na kai masa goro, ya zo da ƙafarsa ya yi addu'a ranar da aka haƙa tushe, har waina na raba sadaka. Wane izini ne kuma ya wuce wannan? Ya yi dariyarsa, ya rubuta wani abu da Turanci ya tafi. Ni kuwa sai da na aurar da 'ya'yana duka na shiga ajin yaƙi da jahilci, Hausa kaɗai nake haɗawa, ita ma da yatsa a kan layi. Magina suka shanye kunun suka watse.

Gidan maigidana ne, Allah ya ji ƙansa, a unguwar Shehuri. Shekarun baya damina ta kwantar da ɗakunan ƙasa duka, ba abin da ya tsaya sai zauren jan bulo da mahaifinsa ya gina tun ba a kawo ni gidan ba. 'Yata ta ɗauke ni zuwa gidan mijinta a Jiddari Polo. Surukina mutumin kirki ne, amma suruki ne. Ba na cin abinci yana gida, ba na ɗaukar buta sai na ji fitar motarsa. Shi ma bawan Allah ya koma cin tuwo a cikin mota saboda ni. Ɗaki biyu da bayi kawai nake son ginawa, in koma inda zan yi tari da ƙarfi ba wanda zan ji kunyarsa.

Na hau keke mai ƙafa uku na tafi ofishin masu ba da izinin gini. Mai tebur na farko, wani mai tabarau, ya ce in kawo zanen gida da awon fili. Na kawo bayan wata guda. Ya ɗora rula ya ce zauren ya ci hanya, sai na rushe shi na ja baya taku shida. Na ce, "Zauren ya girmi hanyar. Da aka gina shi jakuna ne ke wucewa." Ya ce shi dai abin da doka ta ce ke nan. Na haɗiye, na ce to a rushe.

Na samo leburori, sun ɗaga diga ke nan sai ga wani dogo daga ɓangaren masu kula da tsofaffin gine-gine. Ya ce duk wanda ya taɓa bulo ɗaya na wannan zaure zai kwana a hannun hukuma, ginin tarihi ne, kusa da fada yake. Har shafa bangon yake yi kamar ya ga amarya. Na ce, "Tarihin nan shekara hamsin ina share masa kashin awaki, ban taɓa ganinka ba."

Daga nan na zama 'yar aike. Mai tabarau ya ce rushe, dogo ya ce kar ki taɓa. Ofisoshinsu a bene ɗaya suke, ƙofa na kallon ƙofa, masallaci ɗaya suke salla, amma ba wanda zai taka ya yi wa ɗan'uwansa magana. Sai ni mai ciwon gwiwa zan hau in sauka. Na sa kowanne ya rubuta min maganarsa da Hausa, na karanta da kaina, na kai wa ɗayan. Kowa ya duba ya ce, "Gaskiya ya faɗa, amma ba ɓangarena ba ne." Wata bakwai. Siminti buhu goma ya daskare ya zama dutse. Na koma wurin Bulama ya ce in yi haƙuri, ana kan magana.

Ranar da haƙuri ya ƙare min, surukina ne ya dawo ɗaukar mukulli ya same ni da lomar ɗanwake a baki. Ya juya da sauri har ya buga goshi a ƙofa. Na ce yau kam ya isa.

Washegari na naɗe tabarmata, na ɗauki murhu da tukunya biyu da akwatina, na tare a zauren. Wanda bai san unguwarmu ba ba zai gane ba. A wannan zaure dattawan layi suke zama tun zamanin mahaifin maigidana, daga la'asar har magariba, nan ake ɗaurin aure, nan ake karɓar gaisuwar mutuwa. Mace wucewa take yi da sauri, kanta a ƙasa. Ni kuwa na ɗaura igiya daga ƙofa zuwa ƙofa na shanya zannuwana, na hura wuta na ɗora miyar kuka.

La'asar na yi suka iso da buzayensu da carbi, suka yi cirko-cirko a bakin ƙofa. Na ce, "Wushe, wushe, sannunku da zuwa. Ku shigo mana, ku dai sunkuya saboda shanya." Ba wanda ya shigo. Limamin layi ya ce, "Hajja, wannan bai dace ba." Na ce, "Malam, hukuma ta ce ginin nan kaɗai aka yarda ya tsaya a filina. To a cikinsa zan tsaya ni ma." 'Yata ta zo tana kuka wai na kunyata su. Na ba ta tsintsiya.

Kwana uku suna zama a rana gefen kwata. Ana nan aka tashi ɗaurin auren jikar liman, ba wurin shimfiɗa. Sai ga Bulama da ya ce in yi haƙuri ya sha babbar riga, shi da liman da dattawa huɗu, sun cika keke biyu sun nufi ofis. Ban san me suka faɗa ba. Kwana na takwas dai mai tabarau da dogo suka sauko daga mota ɗaya. Suka ja tef, suka yi ƙus-ƙus, suka ce zaure ya tsaya yadda yake tunda tsohon gini ne, sabbin ɗakuna a yi su daga bayansa, ai sun ba hanya taku shida har da ƙari. Na ce, "Dama can a bayansa na haƙa tushen. Ga shi nan kuna tsaye a kai."

Washegari Bulama ya kawo min takardar da hatiminta har zaure. Ya tsaya daga waje yana kallon shanya, ya ce, "To Hajja, yaushe za ki kwashe kayan?" Na ce ranar da aka rufa min kwano. Ya ce ɗaurin auren jibi ne. Na ce na sani, an kawo min goro.

Kafin azahar na leƙa na ga liman ya tattare riga yana nuna wa magina inda za su sauke bulo.