Hannun da Aka Hana Shuka

Shekarar da Nasara suka nemi soja a ƙasar Magariya, yayana ko gashin baki bai yi ba. Mai garinmu ya tura 'ya'yansa biyu tsallaken iyaka wajen dangi, sannan ya kama hannun yayana, maraya, ya miƙa wa gardi, ɗan sandan Nasara, ya rantse wa kumandan cewa yaron ya kai shekarun shiga soja. Likitansu ya buɗe masa baki ya duba haƙora kamar mai sayen jaki, aka jefa shi a mota. Ni ƙanwarsa ce, na ga komai da idona.

Bayan damina huɗu ya dawo, ya yi tsawo, ya rame, ba ya son magana. In ƙofa ta buga da ƙarfi sai ya duƙe. Nan fa mutanen kirki na garinmu, waɗanda ko tari ba su yi ba ran da aka tafi da shi, suka tashi da tausayi. Mai gari ya ce za a yi masa gayya a shuke gonar ubanmu, don ya san yana da mutane.

Ruwa ya sauka, aka fito da sungumi, har da makaɗi. Amma da yayana ya ɗauki ƙwaryar iri, sai dattawa suka sha gabansa da murmushi, wai ya zauna a inuwa ya huta. Ba hutunsa ya dame su ba. A wurinsu hannun da ya zubar da jini ya yi zafi, duk abin da ya binne ƙonewa zai yi. Babu wanda ya tambayi wa ya ɗora wa hannun bindiga. Har yau in na tuna murmushin nan raina ɓaci yake.

Innarmu ta karɓi ƙwaryar daga hannun wani dattijo ta mayar masa. 'Yan gayya suka saɓa sungumansu suka watse, makaɗi na biye da su. Mu uku muka shuke gonar cikin kwana biyar, yana sara, yana komowa yana zuba iri yana takewa. Hatsi ya yi kyau. Suka ce addu'ar liman ce.

Damina ta gaba ruwa ya zo da wuri, ya ɗauke. Shukar kowa ta mutu, kuma yawancin rumbuna sun riga sun zama fanko. Namu ne da sauran irin da za a sake shukawa. Sai ga mai gari da kansa a ƙofarmu, yana ta doguwar gaisuwa yana kallon ƙasa. Da ya gama kewaye-kewayensa ya roƙi iri, ya ƙara da cewa Inna ce za ta ɗebo masa, ba yaron ba.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, yaushe mace ta fara shiga rumbu a garin nan? Mai gida ne ke shiga, ga shi nan zaune."

Yayana ya hau, ya fito da zangarniya cike da hannu biyu, ya tsaya a gabansa yana miƙa masa. Bai ajiye a ƙasa ba. Mai gari ya dubi hannun ya daɗe, ya dubi sama inda hadari ke haɗuwa. Ya sa hannu biyu ya karɓa.