Sandar da Na Karɓa a Ƙofar Gabas

A shekarun farko bayan an ba mu jiha, na yi aikin tsaron ƙofa a filin ƙwallo na Gusau. Mu shida ne, kowa da jan ƙyalle a damtse, ƙofar gabas kuma ita ce tawa. Dokokinmu uku ne. Na farko, ba a shiga da kwalba. Na biyu, rake sai an yanka shi guntu-guntu. Na uku, sanda ba ta wuce ƙofa, ko ta wane ce. Abokan aikina sukan kau da kai, ni ban taɓa ba. Duk sandar da na karɓa nakan jingina ta a katanga daga ciki, bi da bi yadda masu su suka zo, in an tashi kowa ya ɗauki tasa.

Ranar da Tsafe ta kara da Bungudu, wani dattijo makiyayi ya zo daga wajen Rawayya. Ɗansa ne ke tsaron gidan Bungudu, bai kuma taɓa ganin wasansa ba. Sandarsa baƙa ce, ta yi sulɓi don riƙo, an naɗe kanta da fata.

Na ce, "Baba, sanda nan take tsayawa."

Ya ce, "Malam, wagga ba ta faɗa ba ce, ta mahaifina ce. Ko masallaci da ita nike zuwa."

"A masallacin ma ai a ƙofa kake ajiye ta."

Wani daga baya ya ce, "Baba, ba shi kawai. Wannan ko liman ya zo sai ya laluba mai aljihu." Aka yi dariya. Dattijon bai yi ba. Ya miƙo mini ita da hannu biyu, ya ce amana ce. Na ce masa ita ce ta sha bakwai a layi, nan zai same ta.

Ana gab da tashi alƙalin wasa ya ba Tsafe fenariti. Da fari ɓawon rake aka fara jifa da shi, sannan takalma, sannan duwatsu. Daga nan wani ya tuna da katangata. Na tsaya na buɗe hannuwa, aka ture ni na faɗi. Kafin in miƙe babu sanda ko ɗaya. Ni na tara musu su wuri guda, a jere, ba sai sun nema ba.

Da fili ya watse na tarar da dattijon tsaye a gaban katanga, daidai inda na jingina tasa. Na ce ya jira. A bayan raga na same ta, ta karye biyu, da jini a fatar kanta. Jinin wani mai sayar da lemo ne, mutumin Bilbis, an riga an ɗauke shi a babur zuwa asibiti. Na je famfo na wanke ta tas, sannan na kawo.

Ya karɓa ya jujjuya, ya shafa fatar. Ya ce, "Ta jiƙe."

"Na wanke ta, Baba."

"Mi ka wanke?"

Na gaya masa.

"Tun ina yaro take bayan shanu," in ji shi, "ko saniya ba ta taɓa fasa wa jiki ba. Riƙe ta, Malam. Ba ni shiga gida da ita."

Ɗansa ya kama hannunsa suka fita.

Mako na gaba na koma ƙofata. Ban sassauta doka ba, sai dai na roƙi wani mai shago a waje ya riƙa kulle mini sanduna. Sau biyu na hau mota zuwa Rawayya da sabuwar sanda, sau biyu dattijon ya ba ni fura ya sallame ni da abata. Guntayen nan biyu suna bayan ƙofar ɗakina har yau.