Tsohon da Ke Raba Dangin Ƙadandoniya

Na zo karɓar takardar kammala karatuna, an ce in jira. Bencin da nake zaune yana fuskantar wani ɗaki da aka manna wa sanarwa: ranar Litinin za a kwashe komai, a mai da shi ofis.

A ciki akwai wani tsoho siriri, farar rigar aikinsa ta dafe, tabaransa ɗaure da zare. Kwalabe sun cika kanta, kowace da ƙadandoniya nannaɗe cikin ruwan magani. Yana ciro ɗaya da hantsaki, yana ƙirga gaɓoɓinta, leɓunansa na motsi kamar mai lazimi.

Wata mai shara ta leƙo. "Baba, har yanzu kana fama da jikokin naka? Bola fa za su."

"Na sani, 'yata. Amma waɗannan biyun shekara talatin ina ajiye su tare, ashe ba danginsu ɗaya ba. Sabon bincike ya raba su. Kama ce ta ruɗe mu."

"To, wa zai duba?"

Ya ci gaba da ƙirgarsa. Ina jin ba shi da magaji a wannan aikin. Ina so in tambaye shi sunan ko da guda ɗaya, kunya ta hana ni.

Ya ɓare tsohuwar takardar sunan da ke jikin ɗaya daga cikin kwalaben biyu, ya rubuta sabuwa, ya hura tawadar har ta bushe. Sannan ya durƙusa da ƙyar, ya ajiye kwalbar a kantar ƙasa, cikin 'yan uwanta na gaskiya.