Ƙuduji a Gonar Tudu

Shekarar da Babana da ƙanensa Tanko suka daina gaisawa na yi wayo, har ana aikena kai fura gona. Gidanmu ɗaya a Tsiga, zana ce kawai tsakani. Abin da ya haɗa su gamba ne, ciyawar da ake dasawa a kan iyaka. Da ruwan farko ya sauka, Baba ya tarar an tuge ta an matso da ita kunya uku cikin gonarsa. Da Tanko ya sa ranar gayya, Baba ya ce ba zai je ba, kuma zai bi abokansa ya hana su. Kowa ya san in gayyar ta watse ciyawa za ta cinye dawar Tanko, iyalinsa su shiga bazara da rumbu wayam.

Kakarmu Ladi ita ta haife su duka. Da damina takan hura wuta a ɗakinta saboda sauro, mu kewaye ta, tana kaɗi tana ba mu tatsuniya. Ni take kira mijinta. Ana jibi gayya ta dube ni ta ce, "Mijin banza, ko ɓarin goro babu. Tashi ka ɗage mini asabarin nan hayaƙi ya fita." Babu wani hayaƙi. Baba ne zaune a waje kan turmi yana gyara ƙotar fartanya.

Ta ce an yi manoma biyu, ɗaya gonarsa a tudu, ɗaya a gangare. Awakin na tudu suka cinye waken na gangare, ko haƙuri bai ba shi ba. Na gangare ya haɗiye abin har kaka, ya bi gonakin mutane yana tara irin ƙuduji, ciyawar nan da ke shanye dawa tun daga saiwa. Da ya cika ƙwarya ya je ya watsa a gonar maƙwabcinsa. Damina ta zo, ruwa ya wanko irin kaf ya sauke masa a tasa. Shekara bakwai yana shuka dawa yana girbin fure.

Ƙanwata A'i ta ce, "To Kaka, mai awakin ya ci bulus ke nan?"

"Wa ya ce? Alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Amma shi na gangaren yana da baki, garin kuma da dattawa, ya ƙi zuwa. In za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere."

Daga waje muka ji muryar Baba. "Inna, ai an ce rama cuta ga macuci ibada ne."

"Wanda ya faɗa bai shayar da biyu da nono ɗaya ba," in ji ta, mazarinta bai tsaya ba. "Kuma da yara nake, ba da masu gemu ba."

Washegari Baba ya kai magana wurin mai unguwa. Dattawa suka taka gonar, suka haƙo tsohuwar saiwar gamba, suka ce Tanko ya mayar. Baba ya karɓi kunya biyu, ya ce ta ukun ta zama hanyar ƙafa tsakaninsu. Ranar gayya shi ya kama kunyar farko, ko da yake sai bayan girbi suka koma cin tuwo a akushi ɗaya.

Na daɗe ina ɗauka Kaka cewa take a bar wa Allah komai. Sai da na shekara talatin ina bin jakai da auduga zuwa Zariya da Kano, aka cuce ni, ni ma na so in cuta, sannan na gane ba ta hana kowa haƙƙinsa ba. Ka nema da rana, gaban mutane, in ka samu ka rage wani abu ka bar wa zumunci. Na ga fatake da dama da suka rama suka ji daɗi. Ban ga ko ɗaya cikinsu da ya sake samun abokin tafiya a wannan hanya ba.